Sifiri Biyu da Kwabo Ɗaya: Yadda Kwamfuta Take Rubuta Lamba



Ina godiya ga kwamitin shirye-shirye da ya ba ni wannan dama. An ce in yi magana a kan wani abu da ya shafi aikina, kuma kada in wuce rabin sa'a, domin shinkafa tana kan wuta. Ni ma'aikacin gwamnati ne, a sashen da ake shirya albashi da kwamfuta. Abin da na zaɓo daga can ƙarami ne ƙwarai, bai fi 'yan haruffa ba idan an rubuta shi. Amma a kansa ne fanshon dattijo yake maƙalewa wata biyu, a kansa ne kuma yaro yake cin jarrabawa a takarda alhali injin ya ce ya faɗi. Ina nufin 'yar alamar nan da mai tsara manhaja yake rubutawa don ya gaya wa kwamfuta siffar da za ta fito da lamba ko suna a kan takarda. Ni ina kiranta ma'aunin bugu. Malamanmu na lissafi su yi mini afuwa, yau ni ne a gaban allo.

Bari mu fara daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis, tunda kowa a nan ya san ta. Mutumin Nijar zai riƙe takardar kuɗi an rubuta 1000 a jikinta, amma a bakinsa dala metan ce, saboda a can dala ɗaya sefa biyar ce. Idan ya ce jikka, sefa dubu yake nufi. Idan dattijonmu ya ce jaka, naira ɗari biyu yake nufi. Haka kuma kafin 1 ga Janairu 1973, lokacin da naira ta maye gurbin fam, kwabo talatin a hannun mutum sule biyu da sisi ne, akawu kuma ya rubuta 2/6 a littafinsa. Daga ranar nan sule ya koma kwabo goma, sai dai Sulen garinmu shi bai canja ba. Abin da nake so ku riƙe shi ne, adadin kuɗi daban, yadda ake faɗinsa ko rubuta shi daban. Kwamfuta ma haka take. A cikinta lamba tana ajiye ne da sifiri da ɗaya zalla, ba waƙafi, ba alamar naira, ba sahu. Ranar da za ta fito da ita a idon mutane, sai an gaya mata irin rigar da za ta sa mata.

A harshen kwamfuta da ake kira C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakin bincike na Bell a Amurka wajen 1972, akwai umarnin bugawa mai suna printf. Mai tsara manhaja yakan rubuta jimlarsa, ya bar gurbi a inda lamba za ta shiga, ya fara gurbin da alamar kashi cikin ɗari. Idan ya rubuta %d, yana nufin cikakkiyar lamba wadda ba ta da ɓari, kamar yawan ɗalibai a aji ko shanun da suka shigo kara. Idan ya rubuta %f, lamba mai ɗigo ce, kamar kuɗi ko nauyi. Idan ya rubuta %s, kalma ce ko suna. To, tsakanin alamar da harafin nan ne ake yin awo. %f shi kaɗai zai buga naira dubu saba'in da sifiri shida bayan ɗigo, wato 70000.000000, abin da babu akantan da zai sa wa hannu. Sai a rubuta %.2f, ya fito 70000.00. Idan aka rubuta %10.2f, an ware masa gurbi goma ke nan, ya jingina a dama, domin kwabo ya zauna a ƙarƙashin kwabo, naira a ƙarƙashin naira. %-20s gurbi ashirin ne na suna, jingine a hagu. %05d kuwa cewa yake a cike abin da ya rage da sifiri, sai 42 ta fito 00042. Shi ke nan ilmin, in ban da 'yan ƙananan rassa. Harsunan da suka zo daga baya, irin su Java da PHP da Python, duk sun gaji wannan tsari, ko dai yadda yake ko da ɗan gyara.

Wannan ba sabon aiki ba ne. Tsofaffin akawunan En'e na Gumel da suka yi aiki da keken rubutu suna yin sa da hannu: su ƙirga gurbi, su daidaita sahu, su ja layi a ƙarƙashin jimla. Bambancin kawai shi ne, akawu yana da ido. Idan lamba ta fi ƙarfin gurbinta zai gani, ya sake takarda. Injin ba ya gani.

Ga misali daga albashi. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan naira 125 ne a 1981, ya koma 250 a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A 2000 ya zama 5,500, a 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya zama 30,000, a 2024 kuma 70,000. Ku ɗauka wani ya tsara manhajar albashi a 1991, ya ware gurbi bakwai, yana ganin ya yi yalwa, tunda 250.00 gurbi shida ne kacal. Gurbi bakwai iyakarsa 9999.99. Zai ɗauki 5500.00 daidai wa daida. Ranar da 18000.00 ta iso, mai gurbi takwas, me zai faru? Ya danganta da harshen da aka yi aiki da shi. Fortran, wanda kamfanin IBM ya fitar a 1957, idan lamba ta ƙi shiga gurbinta sai ya cike wurin da taurari, ya ƙi buga komai; da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wanda ya taɓa ganin alamar #### a Excel ya ga jikan wannan ɗabi'a. Harshen C shi ba ya yanke lamba, sai ya ture maƙwabta, sahun takarda ya karkace, amma adadin yana nan cikakke. COBOL kuwa, harshen bankuna da ofisoshin kuɗi tun 1959, idan aka zuba babbar lamba a ƙaramin gurbi sai ya sare kanta na hagu, bai ce uffan ba: 18000.00 ta koma 8000.00. A cikin ukun nan, na ƙarshen ne nake tsoro, domin takardarsa tana fitowa tsaf, sahu a miƙe, ba abin da zai ja hankalin mai dubawa. A gefe guda kuma dole a yaba wa COBOL, don shi ne yake da hanyar cike gaban adadi da taurari a kan cek, kada wani ɗan hannu ya ƙara lamba a gaba, kamar yadda muke rubuta "kawai" bayan mun rubuta kuɗi da kalmomi.

Yanzu ga maganar sifiri, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Tun 2011 lambar asusun banki a Nijeriya guda goma ce cif, bisa tsarin da Babban Banki ya kawo. Da yawa daga cikinsu da sifiri suke farawa, wasu ma da biyu. A wajen malamin lissafi, 0012345678 da 12345678 abu ɗaya ne, kuma yana da gaskiya. A wajen banki kuwa, ta farko asusu ce, ta biyu ba komai ba ce. Idan aka ajiye lambar asusu a matsayin adadi, aka buga ta da %d, sifirin gaba ya tafi. Excel ma da kansa yake zubar da shi da zarar an shigar, in dai ba a gaya masa tun farko cewa wannan sahu na rubutu ne ba. Na ga wannan da idona a wani ofis da ba zan ambata ba. An aika jerin 'yan fansho banki, aka biya kowa sai 'yan kaɗan, kuɗinsu ya dawo. Ɗaya daga cikinsu tsohon malamin firamare ne. Ya hau mota zuwa ofis, aka ce matsalar daga banki ce. Ya je banki, aka ce daga ofis ce. Ya yi ta kai da kawo, kuɗin mota yana cin abin da ya ranto, har aka fara yi masa kallon wanda sunansa ya shiga jerin ma'aikatan bogi. Ba wanda ya ci kuɗinsa. Sifiri biyu ne suka faɗi a hanya. Ana iya toshe wannan da %010d, wato a cike gurbi goma da sifiri, amma ni a ganina gyaran gaskiya shi ne a daina ɗaukar lambar asusu a matsayin adadi sam. Ba a tara ta, ba a raba ta, suna ce da aka rubuta da lambobi, don haka %s ne ya dace da ita. Haka lambar waya mai farawa da sifiri, haka lambar NIN da ta BVN masu guda goma sha ɗaya. Ku kuma sani, Excel lambobi goma sha biyar kawai yake iya riƙewa daidai. Idan aka ba shi lambar katin banki mai goma sha shida a matsayin adadi, ta ƙarshen sifiri take komawa, kuma ba ta dawowa.

Sai kwabo ɗaya. A raba naira 100,000 tsakanin mutum uku, a buga da %.2f, kowa zai ga 33,333.33 a gaban sunansa, jimla kuma a ƙasa 100,000.00. Mai binciken kuɗi ya ɗauki biro ya tara, ya sami 99,999.99, ya tambaya ina kwabo ɗaya. Kada ku yi dariya, an sha mayar da bauca saboda shi. Dalili shi ne ma'aunin bugu ba ya taɓa lambar da ke ciki, fuskarta kawai yake gyarawa. Akwai ma abin da ya fi wannan ban mamaki. Ku ba kwamfuta 2.675 ku ce ta buga da gurbi biyu bayan ɗigo. Duk wanda ya zauna a ajin lissafi a makarantar nan zai ce 2.68. Ita 2.67 za ta buga. Ba wai malamanmu sun koyar da mu ba daidai ba ne. Kamar yadda ba ma iya rubuta ɗaya bisa uku da ɗigo ya ƙare, sai 0.333 har illa masha Allah, haka ita ma ba ta iya riƙe ɗaya bisa goma cif da sifiri da ɗayanta. Abin da ta ajiye ya gaza 2.675 da ɗan ƙanƙanin abu, don haka ta gangara ƙasa. Shi ya sa masu hankali a wannan sana'a suke ajiye kuɗi da kwabo, cikakkiyar lamba, sai a wajen bugawa su raba naira da kwabo. A nan ma akwai rami. Kwabo 7005 naira saba'in ne da kwabo biyar. Idan aka buga ɓangaren kwabon da %02d, za a ga 70.05. Idan aka manta da 02 ɗin nan, sai a ga 70.5, kwabo biyar ya zama hamsin.

Wanda yake ganin ɓarin bayan ɗigo ba ya tara komai, ya ji labarin kasuwar hannun jari ta Vancouver a Kanada. A Janairun 1982 suka kafa ma'aunin farashinsu a kan 1000. Duk lokacin da aka yi ciniki injin yakan sake lissafi, ya datse abin da ya wuce gurbi uku bayan ɗigo, sannan ya ɗora lissafi na gaba a kan datsattsiyar lambar, sau dubbai a rana. Zuwa Nuwamban 1983 ma'aunin ya sauko 524.811, alhali kasuwa ba ta faɗi ba. Da aka gyara, sai ga shi 1098.892. Aski a fuskar takarda ba ya kashe kowa. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka mayar da askakkiyar lambar cikin lissafi.

Iyayenmu malamai, ga naku. Yaro ya sami 39.6 a jimlar gwaji da jarrabawa. Manhaja ta duba ta ga bai kai 40 ba, ta rubuta masa faɗuwa. Amma a sahun maki an yi amfani da %.0f, sai ta buga 40. Uba ya zo da takarda a hannu: ga arba'in, ga faɗuwa, yaya aka yi? Sai a fara zargin malami da ƙiyayya. Ba injin ne zai yanke wannan hukunci ba. Makaranta ce za ta zauna ta ce ko ana cike maki kafin a yanke sakamako, ko kuwa a buga 39.6 yadda take kowa ya gani, sannan a gaya wa mai tsara manhajar abin da aka tsayar. Ni da za a tambaye ni, na fi son a buga ta yadda take.

Suna kuma nasa ciwon daban ne, kuma mu mutanen wannan yanki ya fi shafa. %.20s yana nufin a buga harafi ashirin na farko, a watsar da saura. Mu kuwa mun saba ɗaukar sunan gari mu liƙa a ƙarshen namu. A ɗauki misali da mai suna Muhammadu Sani Sule Tankarkar. Ku ƙirga har da tazarar da ke tsakanin kalmomi: gurbi na ashirin yana cika ne daidai bayan Sule. Takarda ta fito Muhammadu Sani Sule, garin ya zama kakansa. Gobe a kwatanta da abin da ke kan katinsa na ɗan ƙasa, a ce ba mutum ɗaya ba ne. Tun 2021 hukumar JAMB ba ta yi wa ɗalibi rajista sai da lambar NIN, saboda haka saɓanin suna ba ƙaramin abu ba ne ga ƙannenmu. Ga kuma haruffanmu masu lanƙwasa. Ɗanzomo, Ɗanladi, Ɗangwanki, duk mazaɓunmu ne. A tsarin da yawancin kwamfutoci suke bi yanzu, harafin Ɗ ko Ƙ gurbi biyu yake ci a ciki, kodayake ɗaya ido yake gani. Printf na C yana ƙirga na ciki, sai sahu ya goce, in kuma yankan ya faɗo a tsakiyar harafin, ya bar wata alama marar ma'ana. Mutanen 'Yandamo su ma su ji: idan aka rubuta sunan garinku a Excel, waƙafin saman nan na farko ɓacewa yake yi, domin Excel yana ɗaukarsa umarni ne. 'Yan'uwanmu na Nijar sun huta da wannan, su da harafin ƴ suke rubutawa.

Tunda na ambaci Nijar, masu harka da ƙetaren iyaka su kula. Mu tsarin Ingila muka gada, muna rubuta 1,250.50. Su na Faransa suka gada, suna rubuta 1 250,50. Abin da muke karantawa dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin, wato 1,250, a Damagaram ko Magarya ɗaya da kwata ne. Kwanan wata ma haka: 03/04 a wajenmu uku ga Afrilu ne, a kwamfutar da aka bari da saitin Amurka huɗu ga Maris ne, kuma ranar haihuwar ma'aikaci ita ce take yanke ranar ritayarsa.

Kada ku zaci mu kaɗai abin yake kayarwa. A harshen C shekara tana ajiye ne a matsayin adadin shekarun da suka wuce tun 1900. Masu gaggawa suka riƙa rubuta 19 da hannu su bi ta da %d, abin yana tafiya lafiya har 1999. Ranar 1 ga Janairu 2000 adadin ya zama 100, sai shafuka da dama suka nuna shekara ta 19100, har da shafin intanet na cibiyar sojan ruwan Amurka mai kula da agogon ƙasar. A wajen wannan lokaci kuma aka gane cewa idan manhaja ta ɗauki abin da baƙo ya rubuta ta miƙa wa printf a matsayin ma'auni, ɓarawo yana iya cusa alamomin nan ya leƙa cikin injin, ko ma ya karɓe shi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Har a 2021 an sami wayoyin iPhone da Wi-Fi ɗinsu yake ɗaukewa idan suka haɗu da layin da aka raɗa wa suna da irin su %p da %s da %n, sai da kamfanin Apple ya fitar da gyara.

Shugaban taro yana duban agogo, don haka ga abin da nake roƙo. Ma'aikatan cikinmu, musamman waɗanda ritaya ta matso, ku karɓi takardar albashinku ku ƙirga lambar asusunku da yatsa, ku tabbata goma ce, ku duba sunanku harafi bayan harafi da ranar haihuwa, tun kuna da ƙarfin hawa mota zuwa Dutse. Waɗanda Allah ya ɗora a kan kujera, idan dattijo ya zo ya ce ba a biya shi ba, kafin a tura shi banki a buɗe jerin a dubi sahun asusu. Aikin minti biyu ne. Malaman kwamfuta na makarantar nan kuma, na san wuta ba kullum take samuwa ba, amma wannan darasi da alli ake koyar da shi: a zana gurabe goma a allo, a ba yaro lamba, a ce ya zuba ta yadda %10.2f zai zuba. Idan hukumar makaranta ta amince, ni zan riƙa zuwa ranar Asabar a lokacin dogon hutu in zauna da 'yan aji biyar da shida, kyauta, in dai ƙungiya za ta ɗauki nauyin man janareta na sa'a biyu.

Sakatare ya ba ni aikin sabunta rajistar mambobi, kuma fom ɗin yana kan tebur a bakin ƙofa. Na ware wa suna gurbi sittin, saboda haka kowa ya rubuta nasa cikakke har da garinsu, da lanƙwasar harafinsa. Lambar waya a fara ta da sifirinta. Waɗanda ake bi kuɗin shekara kuma, ma'aji yana zaune kusa da fom ɗin.